Bindigar da 'Yata Ta Kira Muciya

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Jidda waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube a ƙwaƙwalwa. Amma ranar da na durƙusa a gaban mutane a zauren harbi ina kaɗa ruwan sabulu a murfin gora, wannan kam tana nan daram a raina har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, yarinyar da aka yi abin dominta ma yanzu tana gidanta, amma duk sanda na matsa sabulun wanke hannu ya yi kumfa sai ranar ta faɗo mini.

Ni mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. A Jidda aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo hajji ya zauna. Warshata tana unguwar Bani Malik, ɗan shago ne da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne Bahaushen Sudan mai warsha a Khumra, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai faɗan tsiya amma hannunsa ba ya ƙarya. Abu ɗaya ya dasa mini wanda har yau ban saki ba. In ka haɗa bututu, ba ka cewa ka gama. Sai ka cika shi da iska, ka manna ɗan tef a gilashin agogon awon iska daidai inda allura ta tsaya, ka tafi gida. Gobe ka dawo ka duba. In allura tana kan alamarta, aikinka ya yi. In ta sauka, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace mahaɗa, inda ka ga kumfa na tasowa nan ɓarawon yake. Sau biyu ya taɓa korata daga warsha saboda na tsallake wannan, na uku ban bari an yi ba.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ɗora ranta kacokan kan karatun likitanci, sai ba ta samu gurbi ba. Daga nan ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Kusan shekara guda muna gida ɗaya da ita, amma in na ce na ji dariyarta sau uku na yi ƙarya. Ta fito ta ci abinci, ta koma. Mamarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na fara saduda, a raina na ce yarinyar nan ta riga ta karye, sai dai addu'a.

Wata rana wata ƙawarta ta ja ta da ƙyar zuwa wani nadi, wato kulob, inda ake koya wa mata harbi da bindigar iska. Da ta dawo muna cin abinci sai na ji tana magana. Magana fa, ba eh da a'a ba! Tana kwatanta yadda ake tsayawa, yadda ake riƙe numfashi, yadda ta sami baƙin tsakiyar allon da ake harbi sau biyu. Ita Hausa tana jinta sarai, amma in za ta amsa rabi da rabi take yi da Larabci, kamar sauran 'ya'yanmu na nan. Ranar ban damu da wane yare take yi ba. Sai da ta tashi na juya wajen mamarta na ce, "Bindiga kuma? 'Ya mace?" Ta harare ni ta ce, "Baban yara, shekara guda yarinyar nan ba ta buɗe baki ba. Wallahi ko igwa ta ce tana so, nema za ka yi."

Wata huɗu tana zuwa, da bindigar aro ta nadi take harbi. Rannan ta dawo da saƙo daga mai koyar da su, wadda suke ce wa mudarriba. Nan da mako shida za a yi gwajin zaɓen waɗanda za su shiga tawagar nadi. Sau ɗaya ake yi a shekara, mutum huɗu ake ɗauka. Kuma duk mai son shiga gara ta zo da bindigarta, don ta aro kowa murɗa saitinta yake yi yadda ya ga dama, yau ka bar ta daidai da idonka gobe ka tarar an juya. Ta faɗa mini tana kallon ƙasa, don ta san ba mai hali ba ne ni. Ni kuma na san abin da ke gabana. In ta shiga gwajin nan ta faɗi, ɗakin nan za ta koma, kuma wannan karon ban san me zai fito da ita ba. Na ce, "Uwata, za a saya."

Nadi ne ya yi mana hanyar takardun izini, aka kwatanta mana shagon da suke hulɗa da shi. Muka je da ita ranar wata Litinin bayan la'asar. Mai shagon wani Balarabe ne mai fara'a da bakin talla. Ya fara sauko mana da ta ƙwararru, ya faɗi kuɗinta. Na yi dariya na ce ya mayar da ita tun kafin numfashina ya taɓa ta. Daga nan ya ɗora mana guda biyu a kan tebur, waɗanda abin da na ware zai iya kaiwa gare su.

Ta farko baƙa ce da ratsin ja, sai sheƙi take yi. Sabon kamfani ne, ya ce, kuma ita ce ake yayi. Tana zuwa da jaka mai kyau, da gwangwanin harsashi, da safar hannu, da wasu tarkace, kuma duk da haka ta fi ɗayar sauƙi. Ta biyun kuwa, kai! Katako ne kawai ruwan ƙasa da ƙarfe baƙi, ba ado ba komai, a kwali take zuwa ita kaɗai. Kamfanin tsoho ne, ya ce sun daɗe suna yin ta a haka ba su canza mata ko ƙusa ba. Kuma ta ɗan fi tsada. Uwata ko kallonta ba ta yi ba sau biyu. Ta rungumi mai jan ta ce, "Hadi, ya Baba, wannan. Ita ce ƙawayena biyu suka saya. Waccan ai muciya ce, sai dai a kai wa Mama ta tuƙa tuwo." Mai shago bai ji Hausa ba, amma ya ga inda ciniki ya karkata, sai murmushi yake yi.

Ni ban san komai a kan bindiga ba, ban taɓa riƙe ta ba sai ranar. Na ce ya nuna mini yadda take aiki. Ya nuna wani dogon tulu na ƙarfe a ƙarƙashin bututun, ya ce nan ake dura iska da ƙarfi, kowane harbi tana sakin kaɗan ta tura harsashin. A bakin tulun ga ɗan agogo da allura. Ina ganin agogon nan na ji kamar an buɗe mini ƙofar warshata. Ashe abin nawa ne! Iska ce a matse cikin ƙarfe, zoben roba ne ke tsare ta a mahaɗa. Shekara talatin ke nan ina kokawa da wannan.

Nan na gyara tsayuwa. Na tambaye shi, in iska ta ragu fiye da kima me ke faruwa? Ya ce harsashi ya fara faɗawa ƙasa da inda aka auna. Na ce in zoben roba ya mutu fa, ina ake samu? Ya jawo wani aljihun tebur cike da ƙananan leda, ya ce na mai katakon ga su nan, kowace lamba. Na ce na mai jan fa? Ya ɗan sosa gemu ya ce sai an yi oda, amma ai sabuwa ce, me zai lalace? Wannan amsar na sha jin ta a bakin masu sayar da mukayyif, kuma ni ake kira in ya lalace.

Sai na ce masa ina da roƙo. Ya cika duka biyun da iska, in yi wa allura alama, a ajiye su kwana uku, in dawo. Ya kalle ni kamar na ce ya ba ni shagon. Ya ce, "Ya ammi, baffa, wannan bindiga ce, ba firji ba." Uwata ta ja mini gefen riga. Ni kuma tun shigowarmu kunnena na kan wani abu: mukayyif ɗin shagon yana ɗigar da ruwa ɗis-ɗis cikin bokitin da suka tara a kusurwa. Na nuna masa na ce, "Kwana nawa yana haka?" Ya ce wata biyu, an kira mai gyara sau biyu. Na ce ya ba ni kujera. Na fita mota na ɗauko waya da famfo, na hau, na buɗe, na zuƙe dattin da ya toshe bututun ruwan. Ko minti ashirin ban yi ba ɗigar ta tsaya. Na sauko ina goge hannu na ce, "Ban son ko sisi. Kwana ukun nan kawai nake so." Ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce, "Halas, shi ke nan, ya mu'allim, ka ci." Aka cika su, na yanko tef daga aljihuna na manna wa kowace a kan allurarta, na ɗauki hoto da waya.

A mota Uwata ta danne fushinta har muka kusa gida. Sannan ta fashe: "Fashshaltani, Baba! Ka ba ni kunya. Mun je sayen bindiga ka hau kujera kana gyaran mukayyif. Kowa shiga yake ya zaɓa ya biya ya fita." Na ce, "Kowa yana da kuɗin saya sau biyu. Ni sau ɗaya zan saya." Ta juya fuska wajen taga.

A cikin kwana ukun ban zauna ba. Na je nadi na nemi ganin mudarriba, wata mace mai kamun kai da ba ta yawan magana. Na ce ta gaya mini tsakani da Allah, a cikin biyun wacce ta fi harbi daidai. Ta ce a matakin da 'yata take, duka biyun sun isa, bambancin da ke tsakaninsu bai kai rawar hannun mai harbi ba. Abin da take so kawai, bindigar da abin da ta yi jiya shi za ta yi yau. Na ce to, mun yi magana ɗaya.

Ranar Alhamis muka koma. Mai shago ya sauko da su yana tsokanata. Na fara duba mai katakon: allura na nan a kan tef, ko gashi ba ta motsa ba. Na duba mai jan: ta sauka, ba da yawa ba, kamar faɗin farce. Na ce ya ba ni ɗan sabulu da ruwa. Na shafa a bakin da ake dura iskar, muka sunkuya mu uku muna kallo. Can sai ga ɗan kumfa ya taso a hankali, ya fashe, wani ya biyo shi. Mai shago ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, kafin kowane harbi ake ƙara iska." Kuma yanzu da nake ba da labari, sai in yi masa adalci: yana da 'yar gaskiyarsa, kuma guda ɗaya da ta yi yoyo ba ta isa a yanke wa kamfani hukunci ba. Na ce ya buɗe wata sabuwa a kwali mu gwada, ya ce ba zai iya ba. To ni abin da na gani da idona shi na gani. Na kuma san yoyo ba ya warkewa da kansa, ƙaruwa yake yi, balle a zafi da gumin Jidda da ke cinye roba. Ga shi in ta mutu sai an jira oda. Na ɗora hannu a kan mai katakon na ce wannan za a naɗe.

Uwata ba ta yi gardama a shagon ba, kuma wannan ya fi gardamar ciwo. A gida ta ce, "Kuɗinka ne, Baba." Na ce, "Uwata, ki saurare ni. In bindigar nan ta ci amanarki ranar gwaji, ni na ci amanarki, ba ke kika faɗi ba. Na ɗauka a wuyana." Ta ce, "Tayyib, to," ta shige ɗaki. Mamarta ta bi ni da ido ta ce, "Kai dai da taurin kai. Da ka saya mata wadda take so ko don zaman lafiya." Na ce zaman lafiyar mako biyar nake nema ko na shekara? Ta ce Allah ya sa ka san abin da kake yi. Na ce na sani. Kuma wallahi na sani.

Mako biyar ta yi tana atisaye da ita. A nadi har sunan ya bi bindigar, kowa Muciya yake ce mata, har waɗanda ba su san me ake nufi ba. Jaka ma sai da mamarta ta ɗinka mata da wani yadi mai kauri. Maki na hawa, mudarriba ta gaya mini, amma Uwata ba ta taɓa cewa komai ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai "kai ni" da "ɗauko ni".

Ranar gwaji Asabar ce, tsakiyar zafi, irin ranar da ƙarfe tara na safe ma ba a iya taɓa sitiyari. Da sassafe muka biya ta warsha na dura wa Muciya iska da famfon hannu har allura ta kai inda ake so. Daga nan muka kama hanya a motar aikina, wadda mukayyif ɗinta ya mutu tun bara ban samu lokacin dubawa ba, abin da mamarta ba ta gaji da yi mini gori a kai ba. Muka isa sharkaf da gumi. Muna shiga zauren kuwa sai sanyi ya doke mu, irin wanda sai mata sun ƙara lulluɓi. Masu harbi suka wuce wajen shiri, mu iyaye aka zaunar da mu a kujeru bayan wani shinge.

Saura kamar minti ashirin a fara sai na hango Uwata ta taho da sauri wajen shingen, fuskarta ta canza. Ta ce, "Baba, ta zube. Iskar ta zube! Ka ce ba ta yoyo." Idonta ya cika. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce ita ta gani. Ashe da safe a warsha, ina juya baya, ta yanki tef ɗina ta manna wa allurar alama da kanta. Ban sani ba sai lokacin. Yanzu ta duba ta ga allura ta sauka ƙasa da tef, saukar da ta fi wadda muka gani a jikin mai jan.

Mudarriba ta iso. Ta ce akwai bindigar nadi guda ɗaya a ajiye, in ana so a ɗauko yanzu, amma saitinta ba na idon 'yata ba ne, kuma lokacin gyarawa kaɗan ne. In kuma ta shiga da tata alhali yoyo take yi, kafin a kai rabi harsashi zai fara faɗuwa ƙasa, shi ke nan. Ta ce mu yanke shawara. Mamarta ta kama hannuna ta matse. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi, don maganar da na ɗauka a wuyana ita ce ta zo karɓar kanta. Amma faɗuwar gaban ba ta daɗe ba. Sanyin zauren na ratsa rigata da ke jiƙe da gumi, sai kaina ya kawo. Da zafi na dura iskar, famfo ma ƙara mata zafi yake yi, ta sha rana a mota, sannan aka shigo da ita cikin wannan ƙanƙara. Na ce wa mudarriba, "Ki ba ni minti biyar da tebur."

Ta duba ta tabbatar ba harsashi a ciki, ta kwantar da bindigar a teburin shiri, ta ce in shigo. Na ruga banɗaki, na matsa sabulun wanke hannu a murfin gorar ruwana, na ɗiga ruwa, na dawo ina kaɗawa da yatsa. Teburin gajere ne, sai na durƙusa. Ga ni nan, dattijo da furfura, a gaban 'yan mata da iyayensu, wasu da bindigogin da kuɗin ɗaya zai sayi motata, ina shafa kumfa a jikin Muciya. Na ji wani yana tambayar na kusa da shi ko wanke ta nake yi. Wata ta ƙyalƙyale. Ban ɗaga kai ba. Na shafa a bakin durawa, na shafa a gindin agogo, na shafa inda tulu ya haɗu da jiki. Na ce, "Uwata, zo ki sunkuya. Ba ni zan gaya miki ba, ke za ki gani."

Ta durƙusa kusa da ni. Muka zuba ido. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Sabulu ya kwanta lumui, ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba. Na ce, "Kin tuna ta shagon? Kin ga yadda take hurawa?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "Wannan ba ta zubar da komai ba. Iskarki tana ciki gaba ɗaya. Da zafi muka dura ta, ta shigo nan ta ji sanyi ta takure, shi ya sa allura ta sauka. Yanzu ta gama saukar da za ta yi." Na ɓare tef ɗinta na mayar da shi inda allurar take yanzu, na goge sabulun tas da gefen rigata. Na ce ta je ta sa rigar harbinta ta dawo ta duba.

Ta je ta dawo. Allura na kan tef. Mudarriba ta leƙa, ta ce abin da ya rage a ciki ya ishi gwajin har da saura, sannan ta ce, "Yalla, maza, wacce za ki ɗauka?" Uwata ta kalle ni. Ni kam nawa na riga na yi. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Halas. Da Muciya zan shiga."

Abin da ya biyo baya ni ban fahimci rabinsa ba. Layi ne na 'yan mata a tsaye kamar an dasa su, sai ɗan ƙara tas, tas, da lambobi na canzawa a allo. Mamarta na jan carbi har yana ƙara. Ni idona na kan bayan 'yata kawai. Na ga lokacin da kafaɗunta suka sauko, na san ta manta da mu, ta manta da allura. Fiye da awa guda aka yi. Da aka gama mudarriba ta karanto sunaye huɗu, na Uwata ne na uku. Mamarta ta saki guɗa a zauren mutane, sai da na taɓa ta. Kuma don kada a ce na ƙara gishiri, wadda ta zo ta biyu da irin mai jan nan ta harba, kuma ba ta ba ta matsala ba ranar. Sai bayan wata bakwai ubanta ya zo warshata da ita a jaka yana tambaya ko ina da zoben roba da zai shiga, don odar ta ƙi zuwa. Na duba duk akwatina ban samu daidai ba.

Amma ba sunan da aka karanto ne ya tsaya mini a rai ba. Da muka fito wajen mota, rana na dukanmu, Uwata ta tsaya ta juyo da agogon bindigar wajena. Allura ta sauka daidai gwargwadon harbin da ta yi, tef ɗin na nan. Sai ta ce, da Hausa zalla, ba ko kalmar Larabci ɗaya, abin da rabon da in ji tun tana ƙarama: "Baba, ka yi haƙuri. Ka fi ni gaskiya. Ba ta ci amanata ba." Na ce ta shiga mota kafin mu narke. Na zagaya ta baya na daɗe ina gyara igiyar tsani da ba abin da ya same ta, don kada su ga idona.

Shekarar da ta biyo baya Uwata ta koma karatu, wani fannin daban, ta gama lafiya. Muciya har yau tana wurinta, sau ɗaya na canza mata zoben roba, kuma a aljihun teburin nan na mai shago na samo shi.

Abin da ranar ta koya mini kashi biyu ne. Na farko na riga na san shi a sana'a, sai dai ban san ya wuce warsha ba: in abin hannunka kaɗan ne, kada ka tambayi me aka haɗa maka a jaka, ka tambayi ko abin zai riƙe abin da ka zuba masa, kuma in ya lalace ina za ka sami gyaransa. Mai arha shi ne wanda ba za ka saya sau biyu ba. Na biyun kuwa a kan gwiwoyina na koye shi, da murfin gora a hannu, kuma shi ya fi ba ni kunya. Ni da ba na yanke wa bututu hukunci sai na gwada, shekara guda ina kallon 'yata a bayan ƙofa na yanke cewa ta zube, ba abin da ya rage a cikinta. Ban taɓa durƙusawa kusa da ita na duba ba. Ashe komai nata yana nan, sanyi kawai ta ji. Tun daga ranar, in na ga allurar wani ta sauka, ba na saurin cewa ya ƙare.